A Duba Garken Tururuwa Kafin A Ɗauki Famfon Feshi

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Haka nan tururuwa ba ta hawa reshen wake banza. Duk manomin da ya shiga gonarsa a tsakiyar damana, ya tarar da jerin tururuwa na hawa da sauka bisa wake ko gujiya ko dawa, to ya tabbata akwai abin da ta tarar a sama. In ya juya ganye zai ga wasu ƙananan ƙwari, baƙaƙe ko masu ruwan ɗorawa, sun yi cincirindo a ƙarƙashinsa, ganyen kuma ya yi danƙo yana ƙyalli. Wannan ita ce darɓa, wadda manoman Maraɗi da Damagaram da Tawa suka sani tun kaka da kakanni.

Abin da manoma da yawa ke yi a yau shi ne su nufi kasuwa, su sayo kwalbar magani, su feshe gonar baki ɗaya. Wannan hanya tana cin kuɗi, tana taɓa lafiyar mai feshi, kuma sau da yawa darɓar takan dawo fiye da yadda take da farko. Abin da ya fi dacewa, ga manomi da ma'aikacin gidan gona duka, shi ne a fara gane abin da ke tsakanin tururuwa da darɓa da shuka. Tururuwar da ke hawa shuka manzo ce mai kawo labari, kuma wanda ya san karanta labarin shi ne zai san ranar da ya kamata a yi feshi da ranar da ya kamata a bari.

Cinikin da ke tsakaninsu

A nan sunan tururuwa ya haɗa dukan danginta, wato cinnaka da kiyashi da shazumami da sauransu. Babbar tururuwar da ke jan ƙwayar hatsi zuwa raminta ba ta cika damuwa da darɓa ba, domin abincinta tsaba ne. Masu hawa shuka su ne masu son zaƙi, kuma sunan shazumami kaɗai ya isa shaida.

Darɓa tana da baki siriri kamar allura. Da shi take huda ganye ko ɗanyen reshe har ta kai ga jijiyar da abincin shuka ke bi, ta yi ta tsotso dare da rana. Ruwan nan na shuka sukari ya yi masa yawa, amma abin gina jiki kaɗan ne a cikinsa. Saboda haka tilas darɓa ta sha mai yawa kafin ta sami abin da take bukata, sauran kuma ta fitar da shi ta baya, ɗigo-ɗigo, mai zaƙi kamar zuma. Shi ne danƙon da ake gani bisa ganye. In ya daɗe sai baƙar fumfuna ta rufe shi, ganyen ya kasa shan hasken rana yadda ya kamata.

Wannan zumar ita ke kawo tururuwa. Takan zo ta shafi bayan darɓa da ƴan ƙahonninta, darɓar ta saki ɗigo, ita kuma ta shanye, kamar yadda ake tatsar saniya. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ladan da tururuwa ta ci shi ke sa ta tsare garken. Darɓa tana da maƙiya da yawa a gona: akwai ƙwaron nan mai kama da kifaffiyar ƙwarya, ja ko mai ruwan ɗorawa da ɗigo ko zanen baƙi, wanda shi da tsutsarsa kan cinye darɓa gommai a yini ɗaya, akwai tsutsar wani ƙuda mai kama da ƙudan zuma, akwai gizo-gizo, akwai kuma wasu ƙanƙanan dangin zanzaro da ke saka ƙwai a cikin jikin darɓa, tsutsar ta cinye ta daga ciki. Tururuwa takan kori waɗannan, ta cije su, ta kwashe ƙwansu. Wasu irin tururuwa har sukan ɗauki ƙwarin da suke kiwo su kai su sabon reshe, wasu kuma su gina musu rumfa da ƙasa ko da tarkacen ganye.

Shuka ma tana da nata hannu a wannan ciniki. Wake yana da wasu ƴan wurare a gindin ganye da kan sandar fure inda yake fitar da ruwan zaƙi, ba don ƙudan zuma ba. Kaɗa ma tana da irin wannan a bayan ganyenta. Da wannan zaƙin shukar ke jawo tururuwa, ita kuma tururuwar in ta zo takan kama tsutsotsin da ke cin ganye da fure. Ke nan shuka da kanta takan ɗauki tururuwa aikin gadi, ta biya ta da sukari.

Manomi ya san misalin wannan a wani wuri. Garken shanu in ya shiga gona bayan an yi girbi, taki ya bari, har maigona ya kan ba makiyayi damin hatsi don ya daɗe. Garken nan dai in ya shiga kafin girbi, ɓarna ce da ke kai mutane gaban sarki. Shanun ba su sake ba, lokaci da wuri ne suka bambanta. Haka hukuncin tururuwa da garkenta yake.

Darasin 1975

Babu mai cewa darɓa abin wasa ce. A cikin zafi irin na Sahel, ɗiyar darɓa takan girma cikin kimanin mako guda. Matan ba su bukatar namiji, kuma ba ƙwai suke yi ba, haihuwa suke yi kai tsaye, kowace ta haifi gommai. In wuri ya yi musu kaɗan sai a fara haihuwar masu fiffike, iska ta kwashe su zuwa gonaki masu nisa. An ce in tururuwa ta tashi lalacewa sai ta yi fiffike. Ita darɓa kuwa in ta yi fiffike, manomi ne ke lalacewa. Ruwan sama mai ƙarfi yakan wanke ta daga ganye, shi ya sa ta fi yawa sa'ad da ruwa ya ɗauke a tsakiyar damana.

Babban haɗarin baƙar darɓar wake da gujiya shi ne cutar da take ɗauke da ita a bakinta. Ita ke yaɗa kuturtar gujiya, wadda ke sa shuka ta tsugune, ganye ya murɗe ya yi fari-fari, a tona a tarar babu ƴaƴa. An fara bayanin cutar a 1907 a ƙasar Tanganyika, wadda a yau take cikin Tanzaniya. A 1975 ta auka wa ƙasar Hausa. A arewacin Najeriya kaɗai an ƙiyasta ta lalata gonaki kimanin hekta 700,000. Kudancin Nijar ma bai tsira ba. Gujiya ita ce kan gaba a kayan da Nijar ke sayarwa ƙasashen waje a shekarun 1960, kuma don cinikinta aka kafa kamfanin SONARA a 1962. Farin 1973 ya raunana wannan noma, annobar 1975 ta ƙara durƙusar da shi, har manoma da yawa suka koma ga wake.

Abin lura shi ne ba tururuwa ke ɗaukar wannan cuta ba, kuma cutar ba ta bin iri. Darɓa mai fiffike ce ke kawo ta. Amma da zarar ta sauka ta fara haihuwa, tururuwa kan riga manomi ganinta. Tun garken bai fi tafin hannu ba, jerin tururuwa ya nuna inda yake. Wanda ya san haka yana da ɗan leƙen asiri a gonarsa wanda ba ya neman albashi.

Inda tururuwa ke ɓarna

Akwai ƙasashen da wannan ƙawance ya jawo wa babbar hasara. A Gana, ƙasar da ƴan ci-ranin Nijar suka daɗe da sani, an gano wata cuta mai kumbura rassan koko a 1936. Wani farin ƙwaro mai kama da ɓarɓashin kaɗa, shi ma mai tsotson ruwan icce, shi ke yaɗa ta. Tururuwa ce ke kiwonsa bisa itatuwan, tana gina masa rumfa wadda ke kare shi daga ruwan sama da maƙiya, har ma da maganin feshi. Cutar ba ta da magani sai sara. Daga 1946, lokacin da aka fara yaƙin sare itatuwan da suka kamu, an sare itatuwan koko fiye da miliyan 200.

A tsibiran Hawai na Amurka kuwa, irin wannan farin ƙwaro ne ya riƙa yaɗa cutar da ke busar da abarba. Masu bincike sun gano cewa feshin ƙwaron kaɗai ba ya wadatarwa muddin tururuwa na tsaronsa. Da aka hana tururuwa shiga gonakin, sai maƙiyan ƙwaron suka sami hanya, yawansa ya ragu. A nan makiyayin aka kora, garken ya watse da kansa.

Inda take gadi

Akwai kuma inda tururuwa ta zama dukiya. Wani littafin ƙasar Sin da ake jinginawa ga shekara ta 304 ya ba da labarin yadda ake sayar da sheƙar wata tururuwa a kasuwa, masu garkar lemu su saya su rataya a itatuwansu don ta kama ƙwari. Ƴar uwar wannan tururuwa tana nan a Afirka, a ƙasashe masu damshi kamar Benin da Gana. Ja ce, tana ɗinke ganye da zaren da tsutsotsinta ke fitarwa, ta yi gida a bisa icce. Binciken da aka buga a 2007 a kan garaken mangwaro na Benin ya nuna cewa itatuwan da wannan tururuwa ta yi yawa a kansu, ƙudan da ke sa tsutsa cikin mangwaro bai cika yi musu ɓarna ba. Ita ma tana kiwon ƙwari masu tsotso a kan rassan, amma abin da suke sha bai kai abin da take cetowa ba.

A shekarar 2007 ɗin dai, masana biyu na Amurka, Styrsky da Eubanks, sun tattara binciken da aka yi a wurare daban-daban a kan amfani ko illar wannan ƙawance ga shuka. Sun tarar cewa a kusan kashi uku cikin huɗu, shukar riba ta ci. Dalili kuwa shi ne tururuwar da zuma ta jawo ba darɓa kaɗai take tarar wa a kan shuka ba. Takan kama tsutsa da sauran ƙwari masu cin ganye da fure da ƴaƴa, waɗanda ɓarnarsu ta fi ta darɓa. Sun ga haka da idonsu a gonakin kaɗa na kudancin Amurka.

Wannan ba ya nufin a naɗe hannu. Abin da yake nunawa shi ne hukunci ɗaya ba ya yi wa kowace gona. In ƙwaron da ake kiwo yana ɗauke da cuta, kamar a gujiya da koko da abarba, ƙawancen hasara ne. In ba ya ɗauke da cuta, shukar kuma ta yi ƙarfi, sau da yawa ɗan abin da darɓa ta sha kuɗin gadi ne.

Abin da feshin makanta ke jawowa

Maganin da ake fesawa bai san aboki ba, bai san maƙiyi ba. Darɓa tana ɓoye a bayan ganye da cikin murɗaɗɗen toho, inda feshi ba ya kaiwa sosai. Maƙiyanta kuwa yawo suke yi a fili, su ne na farkon mutuwa. Ƴan darɓar da suka tsira, cikin mako biyu sun sake cika gona, alhali maƙiyansu na bukatar lokaci mai tsawo kafin su dawo. Sai manomi ya ga abin ya fi da, ya koma kasuwa ya ƙara sayen kwalba. Da yawan maimaita magani iri ɗaya kuma, darɓar da maganin ba ya kashewa ce ke saura tana haihuwa, har a wayi gari maganin ya daina aiki. Garin gyaran gira an rasa ido.

Ga kuma lafiyar mutane. Tun 1994 ƙasashen ƙungiyar CILSS, har da Nijar, suka ɗora wa kwamiti guda aikin tantance magungunan ƙwari da ba su izini. Duk da haka da yawa daga kwalaben da ake shimfiɗawa a kasuwannin ƙauye ba su da wannan izini, rubutun da ke jikinsu kuma cikin harshen da manomi ba ya karantawa yake. Ana fesa su ba safar hannu, ba abin rufe hanci, wani lokaci a kan ganyen wake ko kayan garka da za a ci cikin ƴan kwanaki. Harawar da aka fesa, dabbobi ne za su ci ta.

Wani ma'aikaci zai ce manomi ba shi da lokacin zama yana ƙirga ƙwari, kuma in annoba ta zo babu abin da ya kai feshi sauri. Maganarsa tana da gaskiya a wurinta. In fara ta sauko kamar yadda ta yi a 1988 da 2004, babu mai cewa a tsaya duba ganye. In darɓa ta rufe ƙaramar gujiya, ruwa kuma ya ɗauke, feshi da maganin da ke da izini ya zama tilas. Amma darɓa ba fara ba ce. Ba ta sauka dare ɗaya ta cinye gona. Daga ƴan shuke-shuke take farawa, kuma tana da maƙiyan da ke zaune a gonar tun kafin ta zo. Zagayen gona sau biyu a mako bai kai wahalar neman kuɗin kwalba uku ba.

Tambayoyi uku kafin feshi

Manomin da ya bi jerin tururuwa ya tarar da darɓa, ya kamata ya tambayi kansa abu uku.

Na farko, wace shuka ce, kuma shekarunta nawa a kwanaki? Gujiyar da ba ta rufe ƙasa ba da waken da bai yi ƙarfi ba su ne ke cikin haɗari. Dawar da ta kusa nuna ko waken da ya riga ya yi ƴaƴa suna iya jure abin da ƙaramar shuka ba ta iyawa.

Na biyu, darɓar a wuri guda take ko ta game gona? In ƴan gindi ne kaɗan, ana iya tsinke rassan da ta kama a binne, ko a wanke su da ruwan sabulu, ko a fesa musu ruwan ƴaƴan dogon yaro da aka daka aka jiƙa kwana ɗaya aka tace. Gujiyar da ta nuna alamar kuturta a tumɓuke ta tun da wuri, domin ba ta warkewa, kuma daga gare ta cutar ke tashi.

Na uku, maƙiyan darɓa suna nan? In an ga jan ƙwaron nan mai ɗigo ko tsutsarsa, ko aka ga wasu darɓa sun kumbura sun bushe sun yi ruwan ƙasa, alamar ɗan zanzaro ya yi aiki ke nan, to a dakata kwana uku a sake dubawa, balle in hadari ya haɗu.

Ga masu garkar mangwaro da lemu, irin na Gaya da gulbin Maraɗi, in farin ƙwaro ko ƙwaro mai ɓawo ya yi yawa har ganye ya yi baƙi, a fara da tare wa tururuwa hanya. A naɗa ƙyalle ko leda a gindin icce, a shafa abu mai danƙo a kan naɗin, ba a kan ɓawon iccen ba, a kuma sare rassan da ke taɓa ƙasa ko danga. In makiyayi ya kasa hawa, maƙiyan garken za su yi sauran aikin.

Rigakafi kuma ya fi magani. An daɗe da tabbatar da cewa gujiyar da aka shuka da ruwan farko, aka kuma shuka ta kusa da kusa har ta rufe ƙasa da wuri, kuturta ba ta cika kama ta ba, domin darɓa mai fiffike ta fi sauka inda shuka ta yi tazara. Gyauron gujiya da ke fitowa da rani a fadama da garake a tumɓuke shi, don a kansa darɓa da cutar ke jiran damana. Akwai irin gujiya mai jure kuturta wanda masu bincike suka fitar. Takin zamani na ure kuma in ya yi yawa yakan sa ganye ya yi taushi da ruwa, abin da darɓa ke so ke nan.

Abin da ya rataya a wuyan hukuma

Wannan aiki bai kamata a bar wa manomi shi kaɗai ba. Nijar tana da cibiyar binciken noma ta INRAN tun 1975, da tasharta ta Tarna kusa da Maraɗi, ga kuma cibiyar ICRISAT a Sadore kusa da Yamai. An kuma riga an ga cewa manoman ƙasar suna karɓar irin wannan ilimi in an kai musu shi. Tun daga 2006 aka riƙa rarraba wa ƙauyuka ƴan buhunan da ke ɗauke da wani ƙaramin zanzaro mai kashe murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi, manoma suka rataya su, suka ga amfaninsu. Wanda ya yarda ƙwaro na iya tsare masa hatsi ba zai yi wuyar yarda cewa wani ƙwaron na tsare masa wake ba.

Saboda haka ya kamata a sake duba horon da ake ba masu feshi na ƙauyuka. Kafin a koya wa mutum yadda ake haɗa magani a famfo, a koya masa rarrabe darɓa da maƙiyanta. A buga ƴan takardu da Hausa da sauran harsunan ƙasa, da hotuna masu launi na ƙwarin da ke cuta da waɗanda ke taimako. A kowane ƙauye a sami mutum ɗaya mai iya rubutu wanda zai riƙa rubuta ranar da aka fara ganin darɓa, da gonar, da halin ruwan sama, ya aika wa malamin gona. Irin wannan littafi in ya tara shekaru biyar zai nuna wa gidan gona lokacin da ya kamata a yi shiri. A kuma auna aikin ma'aikaci da yawan amfanin da aka ceto, maimakon yawan litar maganin da ya rarraba. Hukumomin kan iyaka da na kasuwanni su ma su tsananta bincike a kan magungunan da ba su da izini.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin ruwan shuka ya sauka ya kamata malaman gona da masu gari da shugabannin ƙungiyoyin manoma su zauna a kan wannan magana, a tanadi irin gujiya mai jure cuta, a tumɓuke gyauro, a tara ƴaƴan dogon yaro. In damana ta kama, manomin da ya ga tururuwa na hawa wakensa ya bi ta har inda ta tsaya, ya juya ganyen, ya duba wanda ke nan da wanda ba ya nan, sa'an nan ya yanke shawarar ɗaukar famfo ko barinsa a rataye.